Yadda Kiristocin Ƙonni, Malbaza da Illela ke tunawa da mamatansu

A ranakun 1 da 2 ga watan Nuwamba na kowace shekara, mabiya ɗariƙar Katolika a duniya baki ɗaya kan tuna da waɗanda suka riga su gidan gaskiya. Sukan je majami'a, daga nan su wuce maƙabarta su share kaburbura, su kunna kyandir, su yi addu'a. A ƙasashe irin su Benin, Togo, Kodibuwa da Faransa, ranar 1 ga wata hutu ce ga kowa. A Nijar kuwa ranar aiki ce, domin Kirsimeti da Litinin ta Ista ne kawai bukukuwan Kirista da gwamnati ke ba da hutu dominsu. Shi ya sa mutum zai iya shekara da shekaru a Birnin Ƙonni bai san maƙwabcinsa na da irin wannan rana ba.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na ƴan Nijar Musulmi ne, Kiristoci kuwa ba su kai rabin kashi ɗaya ba. Wannan ƙarancin shi ke sa mutuwa a gidan Kirista ta zama lamarin unguwa duka. Ƴan majami'a su kaɗai ba su isa su cika zaman makoki ba. Masu haƙa kabari, masu kawo tabarmi, matan da ke ɗora tukunya, da yawansu Musulmi ne, wasu ma ƴan uwan mamacin ne na jini. Duk da haka mutane da dama kan tsaya a bakin ƙofa suna ɗari-ɗari, ba su san abin da ake yi a ciki ba, ba su kuma san abin da ya kamata su faɗa ba.

Su wane ne Kiristocin yankin?

Kiristocin wannan ɓangare na jahar Tawa sun fito ne daga tushe biyu. Na farko shi ne aikin mishan na SIM, ƙungiyar da aka kafa a 1893, wadda ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, daga baya ta zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1950 ta buɗe asibitin Galmi, a kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, garin da albasarsa ta yi suna har ƙetare. Galmi na cikin gundumar Malbaza, wadda aka cire daga ta Ƙonni a 2011. A kewayen asibitin ne jama'ar Kirista Hausawa ta taso, ma'aikatan jinya da magina da masu gadi da iyalansu. Daga aikin SIM ne aka samu Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wato EERN, a farkon shekarun samun ƴancin kai, kuma daga baya wasu ƙungiyoyi suka fita daga cikinta suka tsaya da ƙafafunsu. Waɗannan su ne ake kira ƴan bishara. Da Hausa suke sujada, suna karanta Littafi Mai Tsarki wanda aka fara bugawa cikakke da Hausa a 1932.

Tushe na biyu shi ne ɗariƙar Katolika, wadda ta kafa mishan ɗinta na farko a Yamai a 1931. Tun 2001 jahar Tawa na ƙarƙashin limamin limamai na Maraɗi, kujerar da Ambroise Ouédraogo ya fara riƙewa, kuma akwai majami'ar Katolika a Birnin Ƙonni. Da yawa daga masu zuwa can ƴan asalin Benin, Togo, Burkina Faso da kudancin Najeriya ne, malaman makaranta, kanikawa, teloli da ƴan kasuwa. Wasunsu a nan aka haife su, a nan suka yi aure, ba su da wani gida da ya wuce Ƙonni. A gundumar Illela, ta wajen Badagishiri da ƙauyukan Adar, Kiristoci ƴan ƙalilan ne ƙwarai, gida ɗaya nan, gida biyu can.

Sanin wannan rabe-raben na da amfani, domin ɓangarorin biyu sun yarda da abu ɗaya game da mutuwa, amma sun sha bamban kan abin da mai rai zai iya yi ma mamaci.

Abin da suka haɗu a kai

Duk Kirista ya yi imani da cewa Yesu Almasihu ya mutu ya kuma tashi a rana ta uku, kuma waɗanda suka mutu suna dogara gare shi za su tashi su ma a ranar ƙarshe. Wannan shi ake kira begen tashin matattu, kuma a kansa aka gina duk abin da ake yi a jana'iza. Shi ya sa za ka ji suna cewa wane "ya yi barci" ko "ya tafi gida". Wuraren da aka fi karantawa a bakin kabari su ne Zabura ta 23, labarin Li'azaru a sura ta 11 ta Bisharar Yohanna, sura ta 15 ta wasiƙar farko zuwa ga Korintiyawa, da sura ta 4 ta wasiƙar farko zuwa ga Tasalonikawa. A wannan ta ƙarshe Manzo Bulus bai hana kuka ba, ya dai gargaɗi masu bi kada baƙin cikinsu ya zama irin na wanda ba shi da abin sa rai.

Daga nan ne waƙa ta samo asali a gidan mutuwa. Baƙon da ya ji mata na rera waƙa, wani lokaci har da ganga da tafi, alhali gawa na ɗaki, yakan ɗauka rashin tausayi ne. A wurin masu yi, waƙar addu'a ce da kuma lallashin iyali. Mafi yawan waƙoƙin na magana ne a kan gajartar rayuwa da saduwa a gaban Ubangiji, kuma sau da yawa mai rerawa da hawaye take yi.

Inda suka rabu

Ƴan Katolika na yi ma matattu addu'a. Koyarwarsu ita ce akwai rayukan da suka mutu cikin alherin Allah amma da sauran tsarkakewa a gabansu, kuma addu'ar masu rai da sadakarsu na amfanar su. Suna kafa hujja da sura ta 12 ta littafin Makabiyawa na biyu, wanda ke cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika. Saboda haka iyali kan nemi limaminsu, wanda aka fi kira da Faransanci "mon père", ya ambaci sunan mamaci a babbar sujada. Akan yi haka bayan rasuwa da kwanaki, sannan duk shekara idan ranar ta zagayo.

Ranar 1 ga Nuwamba, wadda ake kira Toussaint, ta dukan tsarkaka ce, sanannu da waɗanda ba wanda ya san sunansu. An daidaita ta a wannan rana a ƙasashen Turai tun ƙarni na 9. Ranar 2 ga wata ita ce ta sauran matattu, kuma wani shugaban gidan ibada na Cluny a Faransa mai suna Odilon ne ya kafa ta kimanin shekaru 1000 da suka wuce. A ƙasarmu lokacin ya zo daidai da ƙarshen kaka, ciyawar damina ta rufe kaburbura, ruwa ya zaizaye wasu. Don haka kafin addu'a akwai aikin hauya da tsintsiya, a gyara abin da ya rushe, a sake rubuta sunan da rana ta cinye. Daga nan limami ya zagaya yana yayyafa ruwan albarka.

Ƴan bishara ba sa yi ma matattu addu'a. A fahimtarsu, da zarar rai ya fita hisabin mutum ya koma hannun Allah, ba abin da mai rai zai ƙara masa ko ya rage. Ba su kuma ɗauki littattafan Makabiyawa a cikin hurarrun littattafai ba. Wannan saɓani tsoho ne. Ranar 31 ga Oktoba 1517, jajibirin Toussaint, Martin Luther ya fito da hujjojinsa 95 a Jamus yana sukar sayar da takardun yafe horon zunubi, har da na matattu, kuma daga nan ne rabuwar ta fara. Abin da ƴan bishara ke yi shi ne sujadar godiya. Iyali su zo majami'a ranar Lahadi, a gode ma Allah saboda rayuwar wanda ya tafi, wani ya tashi ya ba da shaida a kan halinsa, a yi ma gwauruwa da marayu addu'a, a ba da baiko.

Mai karatu Musulmi zai ga wani abu da ya sani a nan. A tsakanin Musulmin Ƙonni ma akwai masu yin sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, akwai kuma masu ganin ba ta da tushe, ko da yake duka sun yarda da yi ma mamaci addu'a.

Daga fitar rai zuwa kabari

Idan Kirista ya rasu, fasto ko limami ne ake fara sanarwa, tare da dattawan ikilisiya da mai unguwa. Akan wanke gawa, a sa mata tufafi masu tsabta, wasu kuma farin ƙyalle suke naɗawa kamar yadda suka gada. Akan sa ta cikin akwati idan da hali. Kiristoci Hausawa ba su cika jinkirta biso ba. Zafin watan Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, da ƙarancin ɗakunan sanyi, da al'adar da suka tashi a ciki, duk na sa a rufe mutum a ranar ko washegari. Ƴan asalin ƙasashen gaɓar teku sun saba da ajiye gawa kwanaki ko makonni har dangi su hallara, a yi kwanan zaune da waƙoƙi, a ɗinka anko, a buga hoton mamaci.

Akan kai gawa majami'a a yi sujada, ko a yi ta a ƙofar gida. A bakin kabari akan yi karatu da gajeren wa'azi, sannan ƴan uwa su zuba ƙasa da hannunsu. Babban abin da ya bambanta da jana'izar Musulmi a idon mai kallo shi ne mata na rakiya har maƙabarta, matar mamaci da ɗiyansa mata na tsaye a gaba. Akan kafa gicciye na ƙarfe ko na itace da suna da shekarun haihuwa da rasuwa, masu hali kuma su zuba siminti.

Da an dawo gida, sai zaman makoki irin wanda kowa ya sani, maza a waje bisa tabarmi, mata a cikin gida. Ƙungiyar zumuntar mata ce ƙashin bayan wannan zama. Su ke karɓa-karɓar girki, su kwana da matar da aka bari, su ci gaba da leƙa ta bayan baƙi sun watse. Addinin Kirista bai yanka ma mace kwanakin takaba ba kamar wata 4 da kwana 10 na Musulunci, sai dai iyalai da dama na bin al'adar ƙabilarsu, mace ta rage fita na wani lokaci.

Me maƙwabci zai faɗa?

Gaisuwar da aka saba da ita ta isa. "Ina haƙuri?", "Sannu da rashi", "Allah ya ba da haƙuri", "Allah ya raya abin da ya bari", duk Kirista Bahaushe na jin su yana kuma amsawa. Su kansu sukan ce ma juna "Ubangiji ya ta'azantar da ku". Malamai da dama sun halatta yi ma maƙwabcin da ba Musulmi ba ta'aziyya da kalmomin haƙuri, sun dai keɓe roƙa ma mamacin gafara. Akan kuma kawo hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, inda Annabi Muhammadu (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude. Wanda bai son shiga majami'a zai iya jira a gida, ba wanda zai ga laifinsa. Kwanon hatsi, itacen girki, aron kujeru ko ƴan kuɗin da aka damƙa ma mai gida, ma'anarsu ɗaya ce a kowane gida.

Haka Kiristoci ke yi idan rasuwar ta Musulmi ce. Sukan zo su zauna, su raka gawa, su koma gefe lokacin salla, su sa hannu a ɗaukar ƙasa. A Galmi, inda galibin marasa lafiyar da ke zuwa asibitin mishan Musulmi ne daga sassan Nijar da arewacin Najeriya, an fi shekaru 70 ana wannan cuɗanya a bakin gadon jinya.

Inda ake samun matsala

Wuri na farko shi ne gidan da addini ya rabu biyu. Mutum ya zama Kirista, iyayensa da ƙannensa Musulmi, ko mace ta musulunta ta bar danginta a majami'a. Ranar da ya mutu kowane ɓangare na ganin shi ke da gawa. Irin wannan ja-in-ja kan bar tabon da ke daɗewa tsakanin ƴan uwa, kuma yara ne ke ɗaukar nauyinsa. Abin da ya fi kashe wutar shi ne mutum ya faɗi abin da yake so tun yana da rai, a gaban shaidu daga ɓangarorin biyu, in da hali a rubuce. Inda ba a yi haka ba, mai gari ko hakimi tare da liman da fasto ne kan zauna su sasanta kafin rana ta yi zafi.

Na biyu shi ne wurin biso. A manyan garuruwa Kiristoci kan samu filin da aka ware musu. A ƙauyen da gida ɗaya ne kawai, akan rufe mutum a gonarsa ko a ɗauke shi zuwa wani gari, da kuɗin mota da wahalar hanya. Ko inda filin yake, gari na girma, ana yanka filaye, kuma maƙabartar da ba ta da katanga ko takarda na iya zama hanyar shanu ko juji, wata rana a wayi gari an kafa tubali a gefenta. Wannan barazana ba ta bar maƙabartun Musulmi ba. Kula da maƙabartu na cikin aikin ma'aikatar magajin gari, don haka can ne shugabannin majami'u ya kamata su nemi a auna filin, a sa shi cikin taswirar gari, a ba su takarda.

Na uku shi ne baƙon da ya mutu nesa da gida. Ƙonni na da nisan fiye da kilomita 400 daga Yamai, amma ƴan kilomitoci ne tsakaninta da Illela ta jahar Sakkwato, kuma iyalai da dama sun saba kai gawa gida ta wannan hanya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, iyakar ta kasance a rufe har watan Maris 2024, ta Gaya zuwa Benin kuwa ta ci gaba da zama a rufe bayan nan. Ko a lokacin da hanya ke buɗe, takardun fitar da gawa da hayar mota kan cinye abin da mamaci ya tara. Iyalin da suka zaɓi rufe nasu a nan suna barin amana ne a hannun ƴan majami'a da mutanen gari, domin watakila ba mai zuwa daga Kotonu ko Lome ya share kabarin.

Na huɗu shi ne kashe kuɗi. Akwati mai tsada, anko, abincin ɗaruruwan mutane da bikin cika shekara na iya jefa gida cikin bashi, alhali ga kuɗin makarantar yara. Fastoci da limaman Katolika kan ja kunne a kan haka, kamar yadda malamai ke yi game da sadakar arba'in da ta koma gasa. Babu inda addinin Kirista ya wajabta akwati mai ƙyalli.

Takardar da ake mantawa

A cikin ruɗanin makoki, abin da aka fi sakaci da shi shi ne sanar da rasuwa ga hukuma. Idan a asibiti aka mutu, akwai takardar da likita ke bayarwa. Idan a gida ne, akan bi ta wurin mai unguwa ko mai gari zuwa ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na ma'aikatar magajin gari. Doka ta yanka wa'adi, wanda ya bari ya wuce kuwa sai ya bi ta kotu. Ba tare da takardar mutuwa ba, matar ma'aikaci ba ta iya neman haƙƙinta a CNSS ko CARENI, ba a iya taɓa kuɗin banki, ba a kuma iya kammala zaman iyali na rabon gado.

Gado kansa na buƙatar lura. Kotunan Nijar na amfani da al'adar masu shari'a a sha'anin gado, kuma a fiƙihun Malikiyya da aka fi bi a nan ba a gado tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba. A gidan da addini ya rabu, wannan na iya barin mace da ƴaƴanta hannu wofi, ko ya hana tsohuwa cin abin ɗanta. Kyautar da aka yi tun da rai, da wasiyya a gaban shaidu, su ne hanyoyin da masana shari'a kan nuna ma mutane.

Abin da ke riƙe suna

Gicciyen itace gara ke ci, na ƙarfe ya yi tsatsa, fenti kuma ba ya wuce damina uku ko huɗu. Majami'un Katolika na da al'adar rubuta baftisma da aure da jana'iza a manyan littattafai, kuma kowace ƙaramar majami'a na iya yin haka da littafi ɗaya da alƙalami, ta rubuta suna, ranar rasuwa, garin asali da wurin da kabarin yake. Yawancin mutanen da suka ga buɗe asibitin Galmi a 1950 sun riga sun tafi, ƴaƴansu ma sun manyanta. Waɗanda suka san wane ne ke kwance a wane kabari suna raguwa kowace shekara, kuma wayar salula ta isa a ɗauki muryarsu tun suna nan.

Akwai kuma tunawar da ba ta buƙatar siminti. Hausawa, Musulmi da Kirista, na mayar da sunan mamaci ga jariri, sai ka ji ana kiran yaro Baba ko Abba, yarinya kuma Inna ko Ummi, don ba a son kama sunan a baki. Wasu iyalai kan dasa itace, wasu su biya ma maraya kuɗin makaranta, wasu su kai abinci ga masu jinya da sunan wanda suka rasa. Littafin Yaƙub a Sabon Alkawari ya sa kula da marayu da gwauraye a cikin ainihin ibada, kuma wannan magana ce da ba a gardama a kanta tsakanin masallaci da majami'a.

Idan Nuwamba ta kama aka ga ƴan tsirarun mutane sun nufi bayan gari da hauya da tsintsiya da kyandir, iyayensu da ƴaƴansu suka je gani. Wanda ya haɗu da su a hanya zai iya tsayawa ya ce musu "Ina haƙuri?", kamar yadda zai ce ma kowa.